Bencin ɗaga ƙarfe na gida: shawarwari daga Kara-Kara

Wanda ya taɓa kwana a unguwar Kara-Kara ta Damagaram, wato Zinder, ya san ƙarar. Ana idar da sallar asuba, kafin masu koko su gama hura wuta, sai ka ji ƙarfe yana bugun ƙarfe daga bayan wata katanga, da muryar samari suna ƙirga wa ɗan'uwansu: bakwai, takwas, ƙara ɗaya. Kayan aikinsu ba daga kanti suka fito ba. Gwangwanin fenti ne aka cika da siminti, da tsohon ƙarfen mota da aka samo wurin 'yan gwangwan, da falanki guda a kan bulo biyu. Fim ɗin "Zinder" da Aicha Macky, 'yar garin nan, ta fitar a 2021 ya nuna wa duniya samarin fale, wato gungun samarin unguwa, da ƙarafansu. Mu da muke cin tuwo da su a akushi ɗaya, abin da ya dame mu daban ne. Falankin nan da yaro yake kwanciya a kai, da kilo 80 a saman maƙogwaronsa, me ke riƙe da shi?

Ɗan ƙanwata ɗan kabu-kabu ne. Wata bazara ya kwanta a kan benci na farin katako da aka haɗa da ƙusa, ya sauko da ƙarfe ƙirjinsa, ƙafar bencin ta buɗe gefe guda. Ƙarfen ya zame ya karya masa ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa. Da ya matsa sama da faɗin yatsa uku, da gaisuwar ta'aziyya muka karɓa. Wata uku bai hau babur ba, gidan kuma da babur ɗin yake ci. Uwarsa ta ce a tattara ƙarafan a zubar. Na ce mata: "Ƙanwata, in kin zubar, gobe yana can bayan duwatsu yana ɗaga na wasu, inda ba idonki ba nawa." Sai muka zauna da kafinta da mai walda muka haɗa masa na kirki a cikin gida. Abin da ke biye, daga wannan aikin na koye shi.

1. A mai da shi aikin gida

Unguwarmu ta daɗe da ɗaukar suna. Tun asali nan aka keɓe masu cutar kuturta, daga baya kuma aka riƙa kallon duk saurayi mai damtse a matsayin ɗan ta'adda. Shi ya sa iyaye da yawa ba sa son ko jin maganar ƙarfen, yaran kuma suke haɗa kayansu a ɓoye da abin da suka tsinta. Amma garin da ke cika filin Langa-Langa ranar kokawa bai kamata ya ji kunyar saurayi mai neman ƙarfin jiki ba. Wasu ma da wannan jikin suke samun aikin gadi da dako. Maigida ya kira yaron ya tambaye shi abin da yake ɗagawa da inda yake ɗagawa. In kuɗin kayan ya fi ƙarfin gida ɗaya, samarin fada huɗu ko biyar su yi adashe, a ajiye bencin a gidan da ke da babba mai faɗa a ji.

2. A auna kafin a yanka

Hukumar IPF, wadda ke shirya gasar duniya ta wannan ɗagawar, ta tsayar da ma'aunin benci: tsawo kada ya gaza mita 1.22, faɗi tsakanin santimita 29 da 32, tsayi daga ƙasa zuwa saman katifa tsakanin santimita 42 da 45. Kowace lamba da dalilinta. In bencin ya yi tsayi, tafin ƙafa ba ya zama daram a ƙasa, mai ɗagawa sai ya riƙa lilo. In ya yi faɗi, kafaɗa ba ta samun hanyar sauka. In ya yi siriri, rabin bayan mutum yana rataye a iska. Yawancin waɗanda na gani a unguwa bencin zama ne na mai shayi aka jawo, ya yi tsayi kuma ya yi siriri.

Sai lissafin nauyi. Saurayi mai kilo 75 da ke ɗaga 80, kilo 155 ke nan a kan falanki, kuma nauyi ne mai motsi, yana sauka da ƙarfi yana turawa gefe. A yi bencin da niyyar ya ɗauki ninki biyu na wannan, wato wajen kilo 300, domin mai ɗaga 80 bana, 100 yake hari baɗi.

3. Darasin murhu

Ba a taɓa ganin tukunya tana rawa a kan duwatsun murhu uku ba, ko da tsakar gidan ba ta daidaita ba. Teburi mai ƙafa huɗu kuwa kullum sai an cusa masa kwali a ƙarƙashin ɗaya. A Amurka akwai masu gasar harbi da ke ɗora bindiga a kan teburi su auna abu daga nisan kusan mita 100. Motsin da bai kai kaurin farce ba ya isa ya kautar da harsashi, shi ya sa da yawansu suke zuba teburin da kankare, ko su yi shi da ƙafa uku. A ƙasarmu riƙe bindiga sai da izinin hukuma, kuma babu mai filin harbi a bayan gida, amma bukatarsu da tamu ɗaya ce: abin da ba ya motsi ko kaɗan idan an jingina da shi.

Don haka a yi wa bencin ƙafa biyu masu faɗi a wajen kai, inda nauyin yake, tazararsu a ƙasa kada ta gaza santimita 55. A wajen ƙafafu a sa ƙafa guda a tsakiya mai ɗan gajeren tafi. Wannan yana ba mai ɗagawa wurin dasa ƙafafunsa ba tare da ya yi tuntuɓe da ƙarfe ba. Sai dai a kiyaye: benci mai ƙafa uku yana iya karkata in mutum ya zauna a gefen ƙarshensa, saboda haka tafin ƙafar ta uku ya kai santimita 25 ko 30.

4. Katako, ƙarfe ko kankare

Farin katako da ake sayarwa a rumfunan katako yana da araha, kuma araha ba ta ado. Yana da laushi, ƙusa tana sassautawa a cikinsa, gara kuma tana son shi kamar me. Na silin ne da akwatin zuba kankare. In katako za a yi, a nemi ja, busasshe, a ɗaga a ji nauyinsa a hannu, a duba babu ƙulli a tsakiyar falankin domin nan yake karyewa. Falankin kwanciya ya kai kaurin santimita 4, ƙafafu kuma 8 da 8. Kirya, wadda ake sassaƙa turmi da ita, ba ta da na biyu wajen ƙarfi in an samu tsohuwa. Azarar giginya gara ba ta cinta, amma sartsenta yana shiga fata kamar allura, sai dai a yi ƙafa da ita. Kada a je a sare gawo ko wani ice don wannan aikin. Dokar gandun daji tana nan, kuma ɗanyen ice ma yana tsagewa da zarar hunturu ya busa shi.

Ƙarfe ya fi mini. Ƙarfe mai kusurwa huɗu, milimita 50 da 50, mai kaurin milimita 2 zuwa 3. Abin lura shi ne kaurin, domin daga waje siriri da mai kauri kamarsu ɗaya. A leƙa bakin ƙarfen inda aka yanke, a ga kaurin da ido. Wanda ake yin ƙofar shago da kujerun biki da shi bai kai ba. Wurin 'yan gwangwan ana samun tsofaffin ƙarafa masu kauri da suka fi sabbin kasuwa, muddin tsatsa ba ta ci su har ciki ba. A buga da guduma: mai lafiya yana amsawa da amo, ruɓaɓɓe yana zubo da ɓawo.

Kankare na mai gidan kansa ne, ɗan haya kada ya fara. Ginshiƙi biyu na bulo da aka cika da kankare, a zuba dalle a kai da rodi a ciki, a bar kawunan noti huɗu a tsaye tun yana ɗanye don ɗaure falanki. Ba ya rawa, gara ba ta san da shi ba, ɓarawo ba ya ɗauka. Aibinsa guda: in an yi kuskuren awo, sai dai a fasa.

5. Noti, ba ƙusa ba

Ƙusa tana riƙe abin da ke zaune shiru. Abin da ake girgizawa kullum, a hankali take fita daga raminta, kuma ba ta yin sallama. Duk mahaɗar da ke ɗaukar nauyi a huda ta a sa noti mai kaurin milimita 10, da zobe mai faɗi a kowane gefe don kada kan notin ya nutse cikin katako. Biyu a kowace mahaɗa, domin guda ɗaya yana zama kamar maƙalar ƙofa, ƙafar tana juyawa a kansa.

Sai tokare. Firam mai kusurwa huɗu yana kwantawa gefe in an tura shi, mai kusurwa uku ba ya yi. A sa ƙarfe ko katako a karkace daga tsakiyar kowace ƙafa zuwa ƙarƙashin falanki. Bencin da ya karya ɗan ƙanwata wannan tokaren ne babu. Don a tabbatar ƙafa ta tsaya cak, a auna santimita 30 a jikin falanki, 40 a jikin ƙafa, tsakanin alamomin biyu ya zama 50 daidai. Magina sun daɗe da sanin wannan.

6. A tsaya a wurin mai walda

Damagaram ba baƙuwar ƙarfe ba ce. A ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimun, a nan garin ake ƙera igwa. Masu hannu suna nan har yau, sai dai aiki yana yi musu yawa, kuma galibi yaron shago ake miƙa wa ƙaramin aiki irin wannan. Ka gaya wa maigidan shagon a fili: "Malam, mutum ne zai kwanta a ƙarƙashin wannan, ba tukunyar fure za a ɗora ba." Na ga yadda fuskar mai waldarmu ta canza da ya ji haka. Ya karɓi abin waldar daga hannun yaronsa ya yi da kansa.

Walda ta zagaye mahaɗar gaba ɗaya, kada a ɗiga ta nan da can. A sa a kankare ɓawon da guduma ka gani da idonka. Mai kyau tana kwance sumul, ta narke cikin ƙarfen biyu. Marar kyau tana tsaye a sama kamar kashin kaza, da ƙananan ramuka. In wuta ta yi rauni a ranar, ka ji injin yana shaƙewa, sandar walda tana manne wa ƙarfe, a bari sai gobe, domin waldar da ba ta samu zafi ba a sama kawai take manne. Kada a bari a goge ta da injin gurza har ta siririce don neman kyau. In akwai fayif ɗin ruwa mai farin shafe a cikin kayan, a yi waldarsa a fili, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Daga nan fentin hana tsatsa, sannan fentin mai, a toshe bakunan ƙarafan don ruwan damina. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ita ma tsatsa ta bakin walda take farawa.

7. Maɗori da matsera

Nan ne ran mutum yake, kuma nan ne aka fi yin sakaci.

Maɗori shi ne sanduna biyu da ake ajiye ƙarfen a kai. Na gasa tazararsu ba ta gaza mita 1.10 ba, tsayinsu kuma yana tsakanin santimita 75 da 110. A unguwa ana matse su kusa da kai don tsimin ƙarfe, sai ya zama in an cire nauyin gefe ɗaya, ɗayan gefen ya rinjaya, sandar ta yi tsalle ta doki wanda ke tsaye kusa. A buɗa su. Tsayin kuwa a jikin mai amfani ake aunawa: ya kwanta, idonsa a ƙarƙashin sandar, ya miƙa hannu ya kama ta da ɗan lanƙwasa a gwiwar hannu. In sai ya ɗaga kafaɗa kafin ya kai, ya yi tsayi. In mutane da yawa ne za su yi amfani da shi, a yi ƙugiya hawa biyu ko uku. Leɓen ƙugiyar na gaba ya zama gajere, santimita 2 ko 3, na baya kuma dogo, yadda mai gajiya zai tura sandar baya ta bugi ƙarfe ta faɗa wurinta ba sai ya duba ba. A haɗe maɗorin da bencin ta ƙasa, su zama jiki ɗaya.

Matsera kuwa kusan ban taɓa ganinta a Kara-Kara ba, alhali ita ce ta fi kome. Wasu sanduna biyu ne a dama da hagu, a kwance, daga daidai wuya zuwa daidai ciki, waɗanda za su tare ƙarfen in hannu ya gaza. Ga yadda ake samun tsayinsu. Mutum ya kwanta, ya cika ƙirji da iska, a ɗora masa sandar da ba nauyi. Matserar ta zauna ƙasa da sandar da faɗin yatsa ɗaya. Sai ya saki numfashi ya kwantar da baya: sandar ta sauka a kan matsera, ba a kan ƙashi ba. A mirgina ta har saitin maƙogwaro a tabbatar hannu yana wucewa tsakaninta da wuya. In babu kuɗin ƙarfe, ginshiƙi biyu na bulo da aka cika da kankare, da katako mai kauri a samansu, sun yi. Bulo marar ciko yana farfashewa in nauyi ya faɗo masa.

Dalilin da ya sa na nace: a wuraren da ake da faifan ƙarfe mai zamewa, wanda nauyi ya danne yana iya karkata sandar, faifan su zube gefe. Na unguwa kuwa galibi simintin a daskare yake a jikin sandar, ko an karkata ba abin da zai zube. Wanda irin wannan ya danne a wuya, ko ihu ba ya iya yi.

8. Sandar

Ta gasa tana da kilo 20, tsawon mita 2.2, kauri milimita 28 zuwa 29. A nemi ƙarfe mai ciko wanda ya kusa wannan kaurin, miƙaƙƙe, a mirgina shi a kan siminti a gani. Fayif ɗin ruwa yana lanƙwashewa ba gargaɗi. Rodin gini yana cin tafin hannu. Abin da ya fi haɗari shi ne a ɗauki guntayen ƙarfen ƙafar mota biyu a haɗa su da walda a tsakiya. Irin wannan ƙarfen mai tauri ne, waldarsa tana tsagewa, kuma mahaɗar tana daidai saman fuskar mutum. Sandar da aka yi wa walda a tsakiya, a mai da ita turken akuya.

9. Zuba nauyi

Lita ɗaya ta kankare tana da wajen kilo 2.4. Gwangwanin fenti mai lita 4 ke nan ya kusa kilo 10, bokiti mai lita 20 kuma kilo 48. Roba mai faɗin santimita 30, in an zuba mata kaurin santimita 6, tana ba da faifai mai kusan kilo 10, kuma faifai ya fi gwangwani domin ana ƙarawa ana ragewa. Tun ran gini ran zane: a tsayar da guntun fayif na roba a tsakiya kafin a zuba, wanda sandar za ta shige ba matsi. A shafa wa robar mai don ya fita da sauƙi.

Awo ɗaya na siminti, biyu na rairayi, uku na tsakuwa. Na Malbaza ko na Dangote duk ɗaya ne, in dai buhun bai sha danshi ya yi gudaji ba. Tsakuwa ba ma nemanta, garin a kan dutse yake zaune, kuma a unguwar nan akwai masu fasa shi da hannu. A sayi ƙanana a wurinsu, a wanke ƙurar. Rairayin ya zama na ƙorama, kada a share na bakin titi mai haɗe da ƙasa da kashin dabbobi. A sa zoben rodi siriri ko ragar waya a tsakiyar kaurin, don ko faifan ya tsage kada gutsure ya faɗo a fuska. Kwaɓin kada ya yi ruwa, ya tsaya kamar tuwo mai laushi, a bubbuga gefen robar har kumfa ta daina fitowa.

Matsalar ruwa kowa a Damagaram ya san ta, kuma kankare yana son a jiƙa shi kwana 7, ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. Ga abin da muka yi ba tare da mun ƙara kiran ɗan garuwa ba. Mun zuba da yamma, mun ajiye a inuwa, mun lulluɓe da tsohon buhun algarara da leda a sama. Muka sa tasa a wurin alwala, ruwan da ya taru sau biyar a yini shi muke zuba wa buhun. Ruwan wanki mai sabulu kada a yi da shi. Lokacin hunturu a ƙara lura, iskar tana shanye danshi cikin sa'o'i kaɗan. Idan ya bushe a kai wurin mai sikeli a auna kowanne, a rubuta nauyin da fenti, a haɗa su biyu biyu masu nauyi ɗaya. Bambancin kilo 2 tsakanin dama da hagu ya isa ya ɓata kafaɗa a hankali.

10. Wurin da za a kafa

A kan rairayi ƙafar benci tana nutsewa gefe ɗaya. A yi daɓe, ko a zuba ɗan siminti mita 2 da 2. A kwantar da kwalba mai rabin ruwa a kan falankin, ruwan zai nuna inda ya karkata. A yanka tsohuwar taya a sa ƙarƙashin kowace ƙafa, tana hana zamewa, tana raba katako da danshi. Baƙin mai yana korar gara, amma a ƙafafu kawai, kada ya taɓa inda fata ke kwanciya. Inuwa dole ce. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, ƙarfen da ya yini a rana ba ya kamuwa. Gindin dogon yaro ko rumfar zana, nesa da murhu da hanyar da mata ke bi da tukunya.

11. Katifar

Soso mai tauri, kaurin santimita 3 zuwa 5. Na katifar barci yana nutsewa. A rufe da tamfol ko ledar kujerar mota, a ja sosai a buga ta ƙasa. Mai hali ya kai wa dukawa su rufe masa da fata, aikin da garin nan ya yi suna a kansa. Kowa ya zo da ƙyallensa ya shimfiɗa, domin makero da ƙazuwa ta inda fatar juna ta taɓa suke yawo.

12. Buhu ya fara kwanciya

Kafin ɗan mutum ya hau, a ɗora buhunan rairayi shida masu kilo 50 a kan falankin su kwana. Da safe a tura ta gefe, a tura ta kai, a saurara. Ƙara kaɗan daga mahaɗa alama ce. A duba fentin bakin walda, in ya tsage, ƙarfen ya motsa. Sannan a ɗora wa sandar nauyin da ya fi wanda za a ɗaga, mutum biyu su riƙe ta a gefe su sake ta a kan matsera daga tsayin tafin hannu, babu kowa a ƙasa. Ranar da muka gwada namu, ƙanwata tana tsaye a ƙofar ɗaki. Da ƙarfen ya faɗi matserar ta tare shi, sai ta ce wa ɗanta: "To, yanzu ka yi, amma ban yarda ka yi kai kaɗai ba."

13. Ƙarfe ɗaya ba ya amo

Dokar gidanmu ke nan, kuma ba a karya ta ko don baƙo. Mai tsaro ya tsaya a bayan kai, hannuwansa kusa da sandar, wayarsa a aljihu. Babban yatsa ya zagaye sandar. Wasu samari suna ajiye shi gefe ɗaya da sauran yatsun don sun gani a bidiyo, kuma da gumi kaɗan sandar take silalewa daga tafi.

Maganar da ba a son yi ita ce ta tiramol. Wanda ya sha ba ya jin zafin da jiki ke yi masa gargaɗi da shi, sai ya ci gaba da ɗagawa a kan tsokar da ta yage. Ƙwayar kuma tana jawo farfaɗiya, kuma kowa ya san abin da zai faru in ta kama mutum da ƙarfe a sama. Duk wanda idonsa ya nuna ya sha, a ba shi shayi ya zauna, ba ya hawa bencin ranar. Wanda ya ga kumburi a mararsa bayan ɗagawa, ko tsohon ƙarfe ya yanke shi, ya je asibiti a ranar. Ƙaba ba ta komawa da ɗaurin ƙyalle, ciwon sarƙewar haƙora kuma allura ce ke tare shi. Da azumi a bari sai bayan an sha ruwa.

14. Ƙanana, da duba na mako

Yaro ɗan shekara biyar yana ganin yayansa, kuma zai gwada da zarar tsakar gida ta yi shiru. Kada a bar nauyi a kan maɗori. An gama, a sauke faifan a kwantar da su a ƙasa, kada a jingina su da bango inda za su faɗo wa ƙafa. Sandar a ɗaure ta da sarƙa da kwaɗo a jikin bencin, mabuɗin a hannun uwar gida.

Katako yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, noti kuma ya sassauta. Muna rataye sifana mai lamba 17 a ƙusa a jikin dogon yaron da bencin ke ƙarƙashinsa. Kowace Juma'a kafin a tafi masallaci ɗan ƙanwata yana bin noti takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya kifa bencin ya duba ƙafafun ko gara ta fara gini, ya shafa bakin walda da yatsa. Inda ya ga jan tsatsa, ya goge da sanfefa ya ɗiga fenti, a bar shi ya bushe har Asabar.